Yadda Ake Cusa Sabuwar Ƙwayar Gado a Jikin Gansakuka da Tsakuwar Gilashi

Gansakukar da muka sani a gida ita ce koren nan da ke kwanciya a gindin randa ko saman kududdufi da damina. Wadda muke aiki da ita a ɗakin gwaji sunanta Chlamydomonas reinhardtii. Sel guda ce tal, faɗinta bai wuce maikuromita 10 ba, tana da 'yan gasu biyu a goshi da take iyo da su. Na ɗauki shekaru ina cusa mata ƙwayoyin gado, wato guntayen DNA masu ɗauke da umarnin ƙera furotin, a wani ɗakin gwaji a nan yankin Jidda, kuma kusan kowane zangon karatu sai an haɗa ni da sabon ɗalibi, wani daga Kano ko Zariya ko Damagaram, wani kuma ɗan Hausawan Makka da aka haifa a nan. Abin da nake zaunar da su in faɗa musu shi ne na rubuta maka, ƙanina.

Ka riƙe wannan tun daga farko: cusawar kanta daƙiƙa 15 ce. Inda ake shan wuya shi ne ƙwayar da ka cusa ta yi aiki, ta fitar da furotin ɗin da kake so. Gansakukar nan ta iya karɓar baƙo ta ba shi masauki, sannan ta rufe masa baki.

DNA ɗinta na zaune a wuri uku: cibiyar sel (nukiliyas), kuloroflas, da maitokondiriya. Mu cibiya za mu nufa, da dabarar da Karen Kindle ta Jami'ar Cornell ta wallafa a 1990. Ana girgiza sel tare da tsakuwar gilashi, tsakuwar ta yi wa fatarsu 'yan ƙananan raunuka, DNA ya shige ta nan kafin raunin ya rufe. In ya shiga, ba kai ke zaɓar inda zai sauka ba. Duk inda ya faɗa a cikin kuromozom 17 ɗinta, nan ne gidansa. Wannan shi ne duk ilimin da kake buƙata kafin ka sa safar hannu.

Kayan aiki

Irin gansakuka marar bango. Mafi yawan iri suna da bangon furotin da ke kare sel, tsakuwa ba ta iya yi musu komai. Ka nemi irin da ake kira cw15, ko kuma UVM4 da aka samar a Jamus a 2009 daga zuriyarsa, wanda ya fi sakin baƙuwar ƙwaya ta yi aiki. Babban rumbun irin yana Jami'ar Minnesota a Amurka. In za a aiko maka daga waje, ka nemi a aiko tsakanin Disamba da Fabrairu. An taɓa aiko mana a watan Yuli, kwalin ya yi kwanaki a hanya, muka buɗe muka tarar da faranti ya koma fari fat.

Ruwan reno na TAP. A lita guda: Tris giram 2.42, ruwan gishirin TAP mililita 25, ruwan fosfet mililita 0.375, ruwan ma'adinan Hutner mililita 1, da tsantsar asid ɗin asetik mililita 1, a daidaita pH a kan 7. Na faranti kuma a ƙara aga, garin da ke daskarar da ruwan, giram 15. Ruwan famfon Jidda ruwan teku ne da aka tace, don haka kada ya shiga wannan haɗin ko kusa. Tataccen ruwan ɗakin gwaji kawai.

Tsakuwar gilashi mai faɗin milimita 0.4 zuwa 0.6, wadda aka riga aka wanke da asid.

PEG 8000, sinadarin da ke taimaka wa DNA shiga sel, kashi 20 cikin ɗari, dafaffe.

Filasmid ɗinka, wato zoben DNA da ke ɗauke da ƙwayar da za ka cusa, da enzayim ɗin da zai yanka shi.

Maganin tankaɗe, mai kashe duk sel ɗin da ba ta karɓi DNA ba: paromomycin ko hygromycin B, gwargwadon ƙwayar kariyar da ke cikin filasmid ɗin.

Sai injuna: injin girgiza na tebur, injin wulwulawa, tukunyar tururi, akwatin iska mai tsabta, fifet, madubin ƙara girma da gilashin ƙidayar sel, kanta mai fitilu, da faranti mai rami 96. Ka tanadi tsinken sakace mai yawa, dafaffe. Za ka ga amfaninsa a mataki na 7.

Kafin ka taɓa ko ɗaya daga cikinsu, ka tabbata malaminka ya samo izinin kwamitin kula da lafiyar ayyukan halittu na makarantarku. Kuma duk abin da ya taɓa gansakukar da aka sauya wa gado, ruwa ne ko faranti ko tsinke, sai ya bi ta tukunyar tururi a digiri 121 kafin ya bar ɗakin. Ba a zubarwa a magudana.

1. Tsara abin da za ka cusa

A nan ake cin wasan, a nan ake faɗuwa, tun ba a kunna injin ko ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙwayar gado ba ta tafiya ita kaɗai. A gabanta akwai makunni, wato furomota, wanda ke ba da umarnin a fara karanta ta. A bayanta akwai birki da ke cewa a tsaya. Makunnan da suka yi suna a tsirrai ko dabbobi ba su cika tasiri a nan ba, gansakukar nan nata ta fi sani. Biyu ne na fi dogara da su: haɗin HSP70A da RBCS2, da kuma PSAD. Birki ma ka ɗauko na RBCS2 ko na PSAD.

Na biyu, harshen rubutun. Tun da aka wallafa jerin DNA ɗinta a 2007 an san kusan kashi 64 cikin ɗari na haruffansa G ne da C. In ka ɗauko ƙwaya daga wata halitta mai yawan A da T ka cusa yadda take, tamkar ka shiga Kasuwar Kurmi kana ciniki da yaren da ba mai ji ne. Dole a sake rubuta ta da kodon ɗin da Chlamydomonas ta saba da su, wato kalmomin DNA masu haruffa uku-uku. Furotin ɗin bai canja ba, lafazin ne ya canja. Akwai manhajoji a intanet masu yin wannan, kamfanonin haɗa DNA ma suna yi.

Na uku shi ne wanda sababbi suka fi mantawa da shi: inturon. Ƙwayoyin gadon wannan gansakuka cike suke da inturon, guntayen da ake yankewa a zubar bayan an kwafi saƙo. Doguwar ƙwaya da ba ta da inturon ko ɗaya, sel na yi mata kallon baƙuwa. Maganin shi ne ka ɗauki inturon na farko na RBCS2, mai haruffa 145, ka riƙa dasa shi a cikin ƙwayarka duk bayan haruffa ɗari uku zuwa ɗari biyar. Na taɓa cusa ƙwaya mai haruffa kusan dubu biyu ba inturon, na yi wata biyu ina neman furotin ban ga ko inuwarsa ba. Da muka sake rubuta ta da inturon a ciki, a gwajin farko ya bayyana.

Na huɗu, ka liƙa wa furotin ɗinka fitila. Furotin mai ƙyalli irin mVenus ko mCherry, in an haɗa shi da naka, zai nuna maka wace sel ce ke aiki ba tare da ka fasa ta ba. Ni mVenus na fi so, don haskensa rawaya ne, yana nesa da jan ƙyallin da kulorofil ke fitarwa.

Sai ƙwayar kariya: aphVIII na kare sel daga paromomycin, aph7 daga hygromycin. Akwai ble mai kariya daga zeocin, wasu na haɗa ta da ƙwayarsu ta hanyar guntun 2A don duk sel ɗin da ta rayu ta zama tana fitar da furotin. Dabara ce mai kyau, amma zeocin karya DNA yake yi, ban so mai koyo ya fara da shi ba.

In ɗakinku na da kundin MoClo na Chlamydomonas, tarin shiryayyun guntayen DNA, wanda ya fito a 2018 da guntaye 119, yawancin waɗannan suna ciki, harhaɗawa kawai za ka yi. In babu, ka roƙi filasmid ɗin da aka riga aka gwada daga wani ɗakin, ka sauya ƙwayar tsakiya kawai.

2. Yanka filasmid

Filasmid zobe ne, kuma miƙaƙƙen DNA ya fi zobe shiga. Ka yanka shi da enzayim a wuri guda a ƙashin bayansa, nesa da makunni da birki. ScaI na yawan dacewa, domin yana yanka a cikin ƙwayar kariyar ampicillin, amma ka duba taswirar a kwamfuta ka tabbata ba ya yanka a cikin taka ƙwayar. Ka gudanar da ɗan kaɗan a jel, mai rarrabe DNA gwargwadon tsawonsa. Layi ɗaya kake so ka gani. Ka tsabtace shi, ka auna. Kowace kwalba za ta ci maikurogiram 1.

3. Renon sel

Makon aiki a nan Lahadi ne zuwa Alhamis, don haka ka tsara kwanakinka kada muhimmin mataki ya faɗa ranar Juma'a. Ga yadda nake yi: ranar Alhamis in ɗebo daga faranti in sa a TAP mililita 20. Lahadi da safe in tsinka shi cikin mililita 100, yadda kowace mililita za ta ɗauki sel dubu 100 zuwa dubu 200. Zuwa Talata ya nuna.

Zafi digiri 22 zuwa 25, haske ba dare ba rana, girgiza a hankali kamar juyi 120 a minti. Maganar zafin nan ba ta wasa ba ce a ƙasar nan. Wata shekara a Agusta na'urar sanyaya ɗakinmu ta tsaya a hutun ƙarshen mako, muka dawo Lahadi filas shida duk sun koma ruwan rawaya. Tun daga ranar nake ajiye ma'aunin zafi mai riƙe lamba mafi girma a kan kanta, kuma nake raba irina a ɗaki biyu.

Sel miliyan 2 zuwa 4 a mililita ake so. Da ido, koren ya yi kamar ɗanyen ganyen latas, in ka ɗaga filas kana hango yatsunka ta ciki. In ya yi duhu kamar miyar kuka, ya tsufa, ka sake tsinkawa ka jira gobe. Amma kada ka tsaya ga ido. Ka ɗiga musu ɗan aidin su daina iyo, ka zuba a gilashin ƙidaya, ka ƙirga na cikin babban murabba'i ɗaya, ka ninka da 10,000. In ka ƙirga 300, kana da miliyan 3.

4. Girgizawa

Kafin ranar, ka auna tsakuwa miligiram 300 a kowace kwalbar gwaji, ka rufe, ka dafa a tukunyar tururi, ka busar. In wadda kuke da ita ba wankakkiya ba ce, sai an jiƙa ta a asid an ɗauraye har ruwan ya daina tsami. Wannan aikin ka yi shi tare da babba, a akwatin zuƙe hayaƙi.

Ka wulwula sel ɗinka a hankali, ƙarfin 1000 g (ninkin ƙarfin jan ƙasa, ba giram ba) na minti 5. Marasa bango ne, in ka matsa musu za su fashe. Ka tsiyaye ruwan, ka narkar da koren da ya kwanta a TAP mililita 1.5. Daga mililita 100 mai miliyan 3, yanzu kana da miliyan 200 a kowace mililita, ya ishi kwalba biyar. Wajen narkarwa ka riƙa juya kwalbar a hannu, ban da zuƙa da fesawa da ƙarfi.

A kowace kwalbar tsakuwa ka zuba sel maikurolita 300, DNA maikurogiram 1, sannan PEG maikurolita 100. Kwalba huɗu nake yi a ƙalla: biyu da filasmid ɗina, ɗaya da filasmid mai ƙwayar kariya kaɗai, ɗaya ba DNA ko kaɗan. Wannan ta ƙarshen ita ce shaidarka. Duk wanda ya tsallake ta, ranar da abu ya rikice ba zai san ta inda ɓaraka ta fito ba.

Ka murɗa injin girgiza zuwa ƙarshe, ka dafa kwalbar a kai da ƙarfi, daƙiƙa 15 cif, da agogo a gabanka. Za ka ji tsakuwar na ƙara kamar ana rege tsaba, koren ya hau bangon kwalba yana juyawa. In bai hau ba, riƙonka ya yi sako-sako. Kada zuciya ta raya maka ka ƙara lokaci don DNA ya fi shiga. Abin da za ka samu gawarwaki ne.

In irinka mai bango ne kuma ba ka da wani, hanya biyu ce. Ko ka tuɓe bangon da otolaisin, enzayim ɗin da gansakukar ke fitarwa da kanta lokacin barbara: ka hana jinsin nan biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, naitirojin, ka haɗa su, ka tace ruwan da suka bari, ka jiƙa sel ɗinka a ciki kafin girgiza. Ko kuma ka koma ga na'urar bugun lantarki in kuna da ita, wadda ma takan fi ba da yawa. Tsakuwa dai ta fi arha, kuma ba ta buƙatar komai sai injin da kowane ɗaki ke da shi.

5. Hutun dare

Da tsakuwar ta kwanta, ka zuƙe koren ka zuba a TAP mililita 10 marar magani. Ka ajiye a haske mai rauni, girgiza kaɗan-kaɗan, awa 16 zuwa 24. Suna buƙatar wannan lokacin su warke, su kuma fara ƙera furotin ɗin kariya. Wanda ya zuba su a kan magani nan take ya kashe har waɗanda suka karɓi DNA. Nakan yi girgiza bayan Azahar ranar Talata, in shimfiɗa Laraba da hantsi.

6. Shimfiɗawa a faranti

Farantan ka zuba su tun kwana biyu kafin nan. Magani ba ya shiga tukunyar tururi, sai aga ta huce zuwa kamar digiri 50, yadda za ka iya riƙe kwalbar a tafin hannu, sannan ka zuba. Paromomycin maikurogiram 10 a mililita, hygromycin 10 zuwa 20. Kowane iri da ƙarfinsa, saboda haka in sabon iri ne a hannunka, ka fara gwada shi a ma'auni uku ko huɗu ka ga wanne ke kashe shi tas.

Ka sake wulwulawa a hankali, ka narkar a TAP maikurolita 500, ka raba a faranti biyu. Cunkoso na raunana magani: in sel sun yi kauri a wuri guda, sai ka ga kore ya tsiro ko'ina, ba ka san na gaske ba. Wajen shimfiɗawa hannu ya yi laushi, kamar mai shafa wa jariri mai. In kana yawan rasa su a nan, ka gauraya su da dafaffen sitacin masara ka zuba ya bazu da kansa. Ka bar farantin a buɗe cikin akwatin iska har ruwan ya tsotse, ka naɗe bakinsa da filastar takarda mai barin iska ta shiga, ka kife shi ƙarƙashin fitila.

Kwana uku na farko farantin zai koɗe, koren ya dushe. Haka ake so. Tsakanin kwana 6 zuwa 10 za ka fara ganin 'yan ɗigo kore, ƙanana kamar kan allura. Ka duba farantin shaida: in fari ne, madalla. In shi ma ya yi ɗigo, maganinka ya lalace ko ya yi kaɗan, sai a koma baya. In kuwa ba ɗigo a ko'ina har a na filasmid mai kariya kaɗai, matsalar daga sel ne ko daga girgiza, ba daga ƙwayarka ba.

7. Tankaɗe da rairaya

Ɗigon kore na nufin ƙwayar kariya ta shiga, iyakar abin da yake nufi ke nan. Sau da yawa DNA na gutsurewa a hanya, kariya ta shiga, taka ƙwayar ta ɓace. Wani lokacin ta shiga lafiya amma ta sauka a unguwar da ba a karanta komai. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shi ya sa ba a ɗaukar biyar ko goma. Ka cika faranti mai rami 96, in da hali biyu. Kowane rami TAP maikurolita 200, kowane ɗigo da tsinkensa. Ka bar 'yan ramuka ga uwar irin da ba a taɓa ba, don kwatance. Aikin awa guda ne mai gajiyar da wuya, ni nakan yi shi da sassafe kafin ɗakin ya cika.

Bayan kwana uku ko huɗu ka sa a na'urar karanta faranti. Don mVenus, ka haska da nanomita 515 ka karanta a wajen 530 zuwa 550. Sannan ka karanta kulorofil, haskawa a 440, karatu a 680, ka raba na farko da na biyu. In ba ka raba ba, ramin da ya fi yawan sel zai yaudare ka. Mafi yawa za su zauna daidai da uwar iri, kaɗan ne za su yi sama. Su kake nema. In ba ku da wannan na'urar, madubi mai hasken ƙyalli zai yi, sai dai a hankali.

Ka zaɓi kamar goma mafiya haske ka yi musu PCR, gwajin da zai nuna ko ƙwayarka na cikin DNA ɗinsu. Ka ɗebi ɗan kore a ruwan Chelex kashi 5 cikin ɗari, ka tafasa minti 10, ka wulwula, ka ɗauki na sama. Saboda yawan G da C, PCR ɗin na yawan ƙi, ka ƙara DMSO kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Daga nan sai gwajin Western, shi ne zai nuna furotin ɗin ya fito da cikakken girmansa, ba fitilar kaɗai ce ta ɓalle take haske ba.

8. Adanawa

Waɗanda suka tsallake, ka ja su a sabon faranti har ka sami ɗigon da ya fito daga sel guda, domin ɗigon farko kan zama gauraye. Ka riƙa sabunta su duk bayan 'yan makonni a faranti mai magani, kuma bayan wata guda ka sake auna hasken. Za ka tarar wasu da suka yi fice a farko sun yi shiru, sel ta rufe musu baki sannu a hankali. Wanda ya riƙe haskensa wata biyu, shi za ka gina bincikenka a kai. Ka daskarar da shi a ruwan naitirojin da methanol. Dabarar gilisarin da ake yi wa bakteriya a firiza ba ta yi wa wannan halitta.

Ɗalibai da yawa na zuwa mini da burin gansakukar teku, kuma ina ganin dalilinsu. Ruwan daɗi na da tsada a ƙasar nan, ga Bahar Maliya a ƙofar gida, gishirinta ya kai giram 40 a lita, ga rana ba ta yankewa. Amma Nannochloropsis bangonta tauri gare shi, sai bugun lantarki mai ƙarfi. Phaeodactylum kuma akan harba mata DNA da bindigar ƙwayar gado, ko a bar bakteriya ta miƙa mata. Makunnansu daban, kodon ɗinsu daban, kuma gishirin ruwan renonsu na rage kaifin wasu magungunan, dole ka sake gwada ma'auni daga tushe. Nakan ce su fara kammala zagaye biyu da Chlamydomonas tukuna, daga yankan filasmid har zuwa Western, sannan mu zauna mu zaɓi irin tekun da za su koma kansa.